Taku-Nawa da Ƙusar Zauren Zumunta

Ku matso, ku matso. Kai da ke tsaye a bakin ƙofa, shigo ka samu wuri. Ke kuma jawo kujerarki nan kusa, ba mai korar ki. Yau labarin wani bawan Allah zan ba ku, mutumin da tun da aka aza tubalin majami'ar unguwarsu ba a taɓa samun mai tsarki kamarsa ba. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa da bakinsa, kuma mutum irinsa ai ba ya ƙarya.

Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin safiyo, wato awon filaye. In wa da ƙane suka gaji gona, suka rasa inda ta wannan ta ƙare ta wancan ta fara, shi ake kira. Ya zo da tef ɗinsa mai gidan ƙarfe, ya kafa turke, ya raba su har abada. Da ya yi ritaya ofis ya karɓe babur, ya karɓe hular kwano, amma tef ya biyo shi gida. Ko gaisawa kuke yi, za ka ga idonsa na kan ƙasar da ke tsakaninku, leɓensa na motsi. Shi ya sa aka laƙaba masa Taku-Nawa. A gaban idonsa dai Baba Safiyo ake ce masa, don kowa na son zaman lafiya.

Tawali'u kuwa, kada ku so ku gani. Duk ikilisiyar ba wanda ya kama ƙafarsa a tawali'u, kuma yakan tuna wa mutane haka sau biyu a mako don kada su manta. In ya tashi yin addu'a ba roƙo yake yi ba, rahoto yake kai wa sama, har da shawarwari a ƙarshe.

Buri ɗaya ya rage masa a duniya. A gaban majami'a, dama da bagadi, akwai kujeru bakwai na dattawan ikilisiya, masu hannu da matashi. Shida da masu su. Ta bakwai tun da mai ita ya rasu take nan wayam, kuma an sanar cewa nan da wata uku Mai Duba Ikilisiyoyi zai zo ya ɗora wa wanda ya cancanta hannu. Taku-Nawa ya riga ya auna kujerar, faɗi da tsawo, ya koma gida ya auna kansa, ya ga kamar don shi kafinta ya yi ta. Har kwat ya kai ɗinki. Abin da ya rage kawai shi ne wani gagarumin aiki da baƙon zai gani ya riƙe baki ya ce, "Wannan fa, wane gwani ne ya yi shi?"

To, kowace Lahadi bayan sujada, 'yan ikilisiyar kan ci abinci tare a zauren baya. Mata su dafa shinkafa da miya, a jera tebur, kowa ya zauna inda ya samu. Fasto, wani dattijo mai sanyin hali da bai iya cewa a'a ba, ya gaji da yadda Taku-Nawa ke binsa kamar jela yana neman aiki, sai ya ce masa, "Baba Safiyo, ka riƙa jera mana kujeru mana." Kashegari aka ga mutumin da kati maƙale a ƙirji: Babban Jami'in Tsare-tsaren Zaman Zumunta.

Ana nan ana nan, wata Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan inda Littafi ya hana mutum hukunta ɗan'uwansa. Jama'a suka ce amin da ƙarfi. Da mako ya zagayo, karatu ya faɗo kan wani wuri dabam, inda aka ce in mai kiran kansa ɗan'uwa ya zama mashayi, ko mazambaci, ko mai zage-zage, ko abinci kada a ci tare da shi. Jama'a suka sake cewa amin, amma ƙasa-ƙasa, kowa na satar kallon na kusa da shi. Fasto ya yi bayani iyakar ƙoƙarinsa. Ya ce na farko linzami ne ga zuciya mai girman kai. Na biyu kuwa magani ne mai ɗaci, na ƙarshe, ga wanda aka bi shi har gida aka lallashe shi ya ƙi ji, kuma ko shi don ya dawo ake yi, ba don a rabu da shi ba. Taku-Nawa bai ji ko ɗaya ba. Shi abin da ya gani shi ne ayoyi biyu na rikicin iyaka, kuma shekara da shekaru ba a samu safiyon da ya shiga tsakaninsu ba.

Da aka zo cin abinci, cokula na gab da shiga baki, sai ya buga tebur ya miƙe.

"'Yan'uwa ƙaunatattu! Manyan malamai sun yi furfura a kan wannan matsala, sun mutu sun bar ta. Ni, ƙaramin bawa, na warware ta tsakanin wanka da karin kumallo. An ce kada mu hukunta. Madalla, ba za mu hukunta ba. An ce kada mu ci tare. Madalla, ba za mu ci tare ba. Me ke raba mutum biyu ba tare da an zagi kowa ba? Tazara! Daga yau ba wanda za a kira mai zunubi a zauren nan. Za a dai nuna wa kowa inda kujerarsa take. Ni ba alƙali ba ne. Tef ne zai yi magana, shi kuwa tef ba shi da zuciya balle ya riƙe wani a ciki. Ai dama an ce zumunta a ƙafa take. To, da ƙafa za mu ƙidaya ta."

Duk safiyo ya san awo ba ya yiwuwa sai da turke, wurin da ba ya motsi, inda ake maƙala bakin tef a ja. Taku-Nawa ya duba zauren gabas da yamma yana neman wurin da ya fi ko'ina tsarki, a fara ƙidaya daga nan. Ya yi addu'a, ya yi azumin rabin yini, cikin ikon Allah kuwa aka nuna masa ƙarƙashin kujerarsa. Nan ya buga ƙusa mai inci shida. Ya ce shi kansa abin ya ba shi mamaki.

Wanda aka fara aunawa shi ne Mai Walda, wani ƙaton mutum mai dariya kamar janareta, wanda kowa ya san ranar Asabar yakan ɗan jiƙa maƙoshi. Taku goma sha biyu daga ƙusa. Mai Kitso, wadda labari kan shiga shagonta da ƙafa biyu ya fito da takwas, ta samu tara. Direban bas ya samu bakwai saboda bakinsa, da ƙarin ɗaya saboda yadda yake danna ƙaho. Aka zana wa kowa da'ira da alli a ƙasa. A bakin ƙofa kuma aka rataya allo da manyan baƙaƙe: GWARGWADON LAIFI, GWARGWADON NISA. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe: Ba a hukunci a nan.

Mai Kitso ta riƙe ƙugu. "Baba Safiyo, ni me na yi?"

"Allah ya kiyaye in faɗa, 'yata. Faɗa ai hukunci ne. Ja kujerarki baya, ƙafarta ta hau layi."

"To, kai fa? Ba an ce mutum ya fara cire gungumen da ke idonsa ba kafin ya nemi tsinke a na wani?"

Ashe dama jiran tambayar yake. Ya zura hannu cikin aljihu ya zaro takardar likitan ido, an lulluɓe ta da leda don kada ta jiƙe, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. "An haska, an leƙa, an ɗiga magani. Ido biyu, babu katako ko na ashana. Ga sa hannu, ga hatimi." An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi nasa tudun ya sa an yi masa safiyo, an rubuta fili ne shimfiɗaɗɗe.

Fasto ya miƙe. Ya ɗauki farantinsa ya je ya zauna kusa da Mai Walda, suka ci suna hira. Da wani ne, da ya fahimci saƙon. Taku-Nawa ma ya fahimta: ya gane cewa dokarsa da saura. Lahadi mai zuwa ya ƙara mata sashe, cewa duk wanda ya ci kusa da mai nisa ya ɗauki rabin nisansa. Fasto ya samu shida.

"Ranka ya daɗe, ba ni ba ne, lissafi ne," in ji shi.

"To, Baba Safiyo," in ji Fasto, ya ɗauki kujerarsa.

Matar Fasto ta bi mijinta ta samu uku. Wadda ta miƙa mata gishiri ta samu ɗaya da rabi. Wanda ya yi atishawa, na taku tara ya ce masa sannu ya amsa, aka daɗe ana shawara a kan ko sannu na cikin cin abinci. Nisa ya riƙa yaɗuwa kamar mura, mako bayan mako ana ƙara wa mutane a kan wanda suke da shi.

Sai matsala ta taso. Tsawon zauren taku goma sha huɗu ne. Ran da aka ƙara wa Mai Walda takwas saboda ya yi dariya ana cikin awo, tef ya je ya dungure da bango. Da mai ƙaramin imani ne, da ya ce a yi afuwa. Taku-Nawa ya ce a buɗe ƙofa. Aka ja tef ta tsakar fili, ya wuce famfo, ya wuce inda ake ajiye kekuna, ya tsaya a gindin wani babban mangwaro. Nan Mai Walda ya dasa kujerarsa, ya miƙe ƙafa, iska na kaɗa masa riga.

Duk wannan da sauƙi, da bai taɓa Yaya ba. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce shugabar mata masu girki, kuma ita kaɗai a duniya ke kiransa Auta. Ta hango shi yana nufo ta da tef, ta ajiye murfin tukunya.

"Kai Auta! Ni na goya ka, ka jiƙa mini baya ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Yau ni za ka auna?"

"Yaya, jini ba ya rage inci."

"Ka ci gidanku da incin!"

"Gidanmu ɗaya, Yaya. Ashirin da biyu."

Yaya ta juya masa baya. Ta soke ludayinta a ɗamara, ta kira mata huɗu suka kama kunnuwan tukunya. "Tukunya ba ta zama inda mai ita ba ta," in ji ta. Daga ranar abinci ya koma gindin mangwaro. Abin da ke isa cikin zaure sai ya bi hannu goma sha, kuma nama, kun san halinsa, ba ya jure doguwar tafiya. Shinkafa ke isowa ita kaɗai, ta huce, kamar wadda ta dawo daga jana'iza. Taku-Nawa ya ce haka hanyar tsarkaka take, matsattsiya ce.

Yanzu ku duba lamarin da kanku. A ciki, kwanon rufi ya ɗau zafi, ba mai magana, ba ka jin komai sai ƙarar cokali da tari. A waje ga inuwa, ga iska, ga nama, ga Mai Walda na ba da labari mutane na riƙe ciki. Kuma da yake turke ba ya motsi, Taku-Nawa ba ya barin kan ƙusarsa in an fara ci. Da safe yakan fita ya zana wa kowa da'irarsa, amma da ya juya baya sai mai goma sha biyar da mai talatin su ja kujeru su cure wuri guda, gwiwa na gugar gwiwa.

Sai ga layi a gaban teburinsa kowace Lahadi, na masu neman su faɗi laifinsu. Malamar makaranta, baiwar Allah da ko tururuwa ba ta taɓa takawa da gangan ba, ta durƙusa.

"Baba, jiya na yi hassadar labulen maƙwabciyata."

"Biyu."

"Da kujerunta ma."

"Huɗu."

Ta leƙa waje ta taga, ta ga an buɗe tukunya. "Da mijinta, Baba."

Taku-Nawa ya runtse ido. "Goma sha takwas."

"Na gode, Baba! Allah ya ƙara girma!"

Wani tsoho da ba shi da haƙori ko ɗaya ya rantse ya ciji mutum a kasuwa. Dattawan nan shida suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa da zunubin da ya kwana yana sassaƙawa. Taku-Nawa har hawaye ya yi. Ya ce farkawa ta sauko, shekara arba'in Fasto na wa'azi bai samu masu tuba haka ba, shi da tef ɗaya ya girgiza zukata.

Matarsa ce ta ƙarshe. Ta daure saboda aure, tana zaune taku ɗaya daga ƙusa tana tura shinkafa mai sanyi. Saura mako guda baƙo ya zo, ta ajiye cokali.

"Maigida, ni ma ina da magana. Duk wa'azin da kake yi mini a gida shekara talatin, barci nake da ido buɗe."

Ya zaro tef. Sannan ya ce, "Ashirin da biyar." Ta ɗauki farantinta ta fita, har da ɗan gudunta.

Ranar da ake jira ta zo. Taku-Nawa ya sa sabon kwat, ya goge gidan tef har yana ɗaukar ido, ya sake zana layuka da sabon alli. Motar Mai Duba Ikilisiyoyi ta lalace a hanya, bai samu sujada ba, sai lokacin cin abinci ya iso, ya shigo ta ƙofar baya. Wani gajeren tsoho ne mai sanda, gilashinsa ɗaure da zare. Abin da ya fara gani shi ne mutum sun fi ɗari a gindin mangwaro, an cure, ana ci ana dariya, faranti ɗaya hannu uku. Ya tsaya yana kallo, fuskarsa ta cika da murna. Ya ce ya zaga ikilisiyoyi da yawa, ya daɗe bai ga zumunta irin wannan ba.

Sannan ya hango allo. Ya matsa ya gyara gilashi ya karanta. Ya leƙa cikin zaure. Can ƙurya, bayan tebura goma da ba kowa, ga mutum ɗaya tilo zaune cikin kwat, gumi na bin wuyansa, faranti wayam a gabansa.

Tsohon ya dawo gindin bishiya ya dafa Mai Walda. "Ɗana, wancan bawan Allah me ya yi?"

Mai Walda ya haɗiye lomarsa ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, an hana mu hukunci."

Tsohon ya juya ga Mai Kitso. Karo na farko a rayuwarta ta kama bakinta da hannu. Ya dubi Yaya. Ta ce, "Ƙanena ne, Baba. Kada ka sa in buɗe baki." Ya dubi Fasto. Fasto ya dubi sama.

Sai tsohon ya jingina bayansa da tukunya, ya fara takawa zuwa zaure da gajeren takunsa, yana ƙidaya da ƙarfi. Jama'a suka ajiye cokula suka bi shi da ido. Ya wuce kekuna, ya wuce famfo, ya shiga ƙofa. A gaban Taku-Nawa ya tsaya.

"Talatin da ɗaya!" Ya waiwaya ya ɗaga murya. "Mashayi nawa ake ba shi a nan?"

"Goma sha biyu, ranka ya daɗe!" in ji Mai Walda daga waje.

"Ubangiji ya yi mana jinƙai," in ji tsohon. "Durƙusa, ɗana."

Taku-Nawa, da yake tun safe wannan kalmar yake jira, ya zube gwiwa biyu, ya gyara wuyan kwat, ya rufe ido. Hannu ya sauka a kansa. Tsohon ya roƙi Ubangiji ya dubi wannan tunkiya da ta yi nisa da garke, nisan da bai taɓa ganin irinsa ba a duk yawonsa. Ya ce shi bai san abin da ta aikata ba, kuma ba ya so ya sani. Taku-Nawa ya riga ya zabga amin biyu masu ƙarfi kafin maganar ta isa kunnensa. Ya buɗe ido ya yi zumbur.

"Ranka ya daɗe, an samu kuskure! Daga nan ake fara awo! Su ne suka yi nisa, ba ni ba! Ga ƙusa, duba, ni na buga ta da hannuna!"

Tsohon ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya ga ƙusa, ya girgiza kai cikin tausayi. "Duk wanda ya ɓata haka yake gani, ɗana. Kada ka damu. Maganar kujerar dattijo kuwa, na ji an ce kana so. Za mu dube ta ran da na zo na same ka a cikin mutane."

Ya juya ya koma gindin mangwaro, Yaya ta zuba masa da cinyar kaza. Har yau ba a san ko da gaske tsohon bai gane ba, ko kuwa ya fi kowa ganewa. Wanzami dai ba ya son jarfa, kuma ranar an yi masa ita a goshi.

Zaure ya yi tsit. Taku-Nawa na zaune, kwat ya jiƙe, ciki na kuka. Can sai ga inuwa ta toshe ƙofa. Mai Walda ne, faranti biyu a hannu, tururi na tashi, nama har yana zubowa. Ya tako duk layukan allin nan ɗaya bayan ɗaya, ya jawo kujera ya manna ta da ta Taku-Nawa, ya tura masa faranti ɗaya.

"Baba Safiyo, sa hannu. Ni ba na ƙyamar kowa."

In ya ce masa tashi, ya yi hukunci da bakinsa, ga baƙo na kallo ta taga. In ya ɗauki cokali, ya ci da mashayi kafaɗa da kafaɗa, a kan ƙusarsa. Hannunsa ya tsaya a sama, tsakanin faranti da aljihun tef, miya kuma na hucewa.

To, ku da kuke zaune nan, in ku ne shi, za ku ci ko kuwa za ku auna?